Cikin da Ya Kwanta

A zamanin da Turawa ba su daɗe da zama Sakkwato ba aka kai ni gidan mahauta a Ƙofar Kware. Shekara uku ban ko yi ɓatan wata ba, ko kuma in ce kullum cikin ɓatan wata nake, don al'adata sai ta yi wata huɗu, biyar, wani lokaci har fiye, ba ta leƙo ni ba. Ga ƙiba ina yi, ga wasu 'yan gasu a haɓata da nake tsigewa a ɓoye.

Surukata Inna kuwa ba ta tambaya, sallata take ƙirgawa. Da ta ga wata uku ban yi fashin salla ba, ga ni ina cika zane, sai ta ƙwace taɓarya daga hannuna.

"Aje ta, ɗiyata. Ba a daka da jikana."

Na san babu kowa a cikin nan sai tuwo. Amma hanta aka fara gasa mini kowace safiya, facalolina suna daka ina kishingiɗe, ina ma gyara musu in gari bai yi laushi ba. Na ce bari in faɗi gaskiya gobe. Goben nan ta kai wata goma sha ɗaya.

Da haihuwa ta ƙi zuwa, Inna ta yanke hukunci cewa cikin ya kwanta ne, kamar yadda na wata ƙanwarta ya taɓa yi, sai an tashe shi. Na sha saiwoyi masu ɗacin da har yau in na tuna sai na tofar da yawu. Daga nan aka ba ta labarin matar wani akawu mutumin Ikko, mai ajiye akwatin magani da ake aiko wa mijinta daga ƙasar Turawa. Inna ta kai mata cinyar rago, ta dawo da kwalba kamar ɗan yatsa, cike da fararen ƙwayoyi da ba su fi gero ba.

Ƙa'idar ita ce a jefa ƙwaya ɗaya a tulu, a girgiza, in sha maƙwarwa guda. Wai yawan ruwan shi ke ƙara masa ƙarfi. Ni da na tashi ina dama kunu, na san abin da ruwa ke yi wa abu. Na lasa ɗaya, na ji sukari ne zalla. Kafin la'asar na tsotse kwalbar tas, na cika ta da farin gero, Inna ta ci gaba da jefawa a tulu da bisimilla.

Kwana tara bayan haka jini ya zo, kamar yadda ya saba zuwa in ya ga dama.

Inna ta zauna daɓas a ƙofar ɗakina. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba sai ran nan.

"Ni nak kashe shi," ta ce. "Yana kwance abinai, ni nat tafi nemo mai maganin baƙi."

"Inna, ba ke ba ce."

"Yi shiru, ɗiyata. Har suna na aje mai."

Na buɗe baki in gaya mata batun geron da duk sauran, in ta so ta kore ni. Sai na fasa. Ashe ni ma a watannin nan na saba dafa marata in ba kowa, ina cewa wa ya sani, ko Inna ce ke da gaskiya. Na zauna kusa da ita muka yi ta kuka, mata suna shigowa suna yi mana barka da arziki. Na karɓi kowace gaisuwa, kuma ranar ce kaɗai a shekarar da ba na yi wa kowa ƙarya.