Takalmin Kawu Kofur

Duk wanda ya taɓa shiga zauren Kawu Kofur ya san takalmin nan. Na soja ne, ƙafa ɗaya, tafinsa a wangale, rataye a ƙusa saman rediyo. Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ya bar aikin soja ya dawo ƙauyenmu kusa da Bagwai yana noman gero da gyaɗa, amma hankalinsa na can zauren majalisa a Abuja, domin ɗansa Sani ya gaje shi, yana daji a bakin daga. Kun san maganarsa: "Soja ke riƙe bindiga, amma tukunya tana hannun majalisa."

Rediyon nan bai san waƙa ba, bai san ƙwallo ba. A kan rumbu Kawu yake shanya batir ya sha rana, wai ya ƙara ƙarfi. Ran da ake muhawarar kasafin tsaro kuwa, ko akuya ba ta isa ta yi kuka ba. Wata rana Inna Laure, matarsa, ta leƙo ta ce, "Malam, tuwo zai huce."

"Ya huce. Ana karatu na biyu."

"To, wannan kirana na uku ne. Daga shi sai kaji su zartar."

Ai kuwa da rediyon a kunne ya bi ta cikin gida.

Lokacin zaɓe wani ɗan takarar majalisa ya zo da sabulu da taliya, ya yi ta zuba alkawarin taki. Kawu ya bari sai da ya gaji, sannan ya ce, "Alhaji, taki ina da shi, jakina na ba ni kyauta. In ka je, wane kwamiti za ka shiga?"

Bawan Allah ya fara inda-inda. Kawu ya sauko da takalmin, ya ce ya sa ya taka zuwa bakin gona. Ga jama'a na kallo, ba damar ƙi. Ga hanya duk ƙaya. Bai yi taku goma ba ya tsuguna yana cira.

"Kai taku goma ka yi," in ji Kawu. "Sani kwana yake yi."

Mutumin ya faɗi zaɓe. Kawu ya ce ba ruwansa, takalmi ne ya kayar da shi.

Sai Kawu ya kawo tsarin majalisa cikin gida. Wai Inna ba za ta karɓi cefane ba sai ta zauna ta kare buƙatarta, kamar yadda manyan soja ke yi gaban kwamiti. Ta bi tsarin kwana biyu. Rana ta uku ya nemi goronsa, ta ce kwamitin kicin ya dakatar da shi sai an yi bayanin inda buhun gyaɗa ɗaya ya shige.

"Laure, juyin mulki ne wannan!"

"A'a, Malam, sa ido ne. Kai ka koya mini."

Ashe batir ya saya da shi a ɓoye. Shanyar rana duk burga ce.

Da yake ni malamin firamare ne, ni ke rubuta masa wasiƙa zuwa ga wanda ya ci kujerar, duk shekara in lokacin kasafi ya zo. Wasiƙar ba ta canzawa: kada 'yan majalisa su sa hannu a kasafi su koma gida, su je dajin da ƙafarsu su ga abin da ya isa ga yaran. Na gaji, na ce, "Kawu, anya ana karantawa?" Ya ce, "Kai ma kullum kana koyar da waɗanda ba sa ji, ka daina?"

A shekara ta huɗu amsa ta zo, cewa kwamitin tsaro ya kai ziyara wurin sojoji. Na shiga da murna. Kawu ya juya takardar ya ce, "Takarda ba ta da tafin takalmi. Bari Sani ya zo."

Sani ya samu hutu da damina, Kawu yana kwance ba lafiya. Ya yi sallama ya durƙusa, uban bai amsa gaisuwa ba.

"Ɗago ƙafarka."

Ya danna tafin takalmin da yatsa, ya ja, ya murɗa, ya ji garau. Sannan ya ce, "To, yanzu sannu da zuwa." Inna ta ce wataƙila dama lokacin rabon sabo ne ya yi. Ya ce ta bar shi da wasiƙunsa.

Sai ya ce in sauko da tsohon takalmin. Ranar na fara jin cewa ba nasa ba ne. Na abokinsa Audu ne, wanda tafin ya ɓalle masa suna cikin gudu a bakin daga, ya tsaya gyarawa. Kawu bai ƙarasa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Kunya ta kama ni, domin shekaru na yi ina yi wa takalmin nan dariya.

Kafin a yanke gero ya rasu. Har yau ƙusar na nan ba komai a kanta, in na shiga zauren sai idona ya kai wurin. Allah ya jiƙan Kawu da Audu, ya kai haske kabarinsu, ya dawo mana da Sani da ƙafarsa.