Takardun Ƙunshin Kifin Goggo Ladi

Duk wanda ya san Goggo Ladi, ƙanwar babana, ya san ba ta zubar da komai. Guntun zare, gwangwanin madara, ruwan wankin shinkafa, kowanne da aikinsa. Ta gan ka ka nufi juji, sai ka ji, "Kawo nan, bai mutu ba!"

Da aka turo ni koyarwa Haɗeja, gidanta na sauka. Ita tana bandar kifi, ni ina fama da rubuta wani littafi kan masuntan bakin kogi. Shekara biyu cur ban wuce babi na ɗaya ba. In rubuta, in karanta, in ga shirme ne, in dunƙule in jefar. Ashe baiwar Allah tana bi tana tsincewa, ta warware, ta danne da dutse, ta ƙunshe wa mutane tarwaɗa a ciki.

Ran wata kasuwa sai ga wani dattijon masunci ya yi sallama, riƙe da takarda duk ta jiƙe da mai.

"Malam, an ce kai ka rubuta wannan. Telan unguwarmu ya karanta mana. Mutumin nan da kwalekwalensa ya kife, ya fito ko bai fito ba?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na faɗa cikin gida na ce, "Goggo, kin tona mini asiri!"

"Asirin me? Kai ka ce shara ce. Je ka fid da bawan Allah daga ruwa, shekara biyu yana jiƙe!"

Daga ranar ta kafa doka: babu kunun safe sai na miƙa shafi uku. In na ce ba su yi kyau ba, ta ce, "Sake kwafewa. Mai kyau naka, marar kyau nawa." Robar goge rubutuna ma ɗaukewa ta yi, ta toshe ɓular tulu da ita. Na yi magana ta ce, "A nan dai tana aiki. A hannunka ɓarna take."

Haka muka yi ta yi, ni da yunwa, ita da ludayi, har na kai ƙarshe. Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira littafin ya fito. Na kai mata hannu bibbiyu, ina jiran yabo. Ta shafa, ta shinshina, ta taɓe baki.

"An cuce ka. Takardar santsi gare ta, ba za ta sha mai ba."

Bayan rasuwarta muka buɗe adudunta. Can ƙasa, naɗe cikin zanenta na fita unguwa, ga littafin nan. Matar da ba ta iya karatun boko ba, ba ta kuma taɓa barin takarda ta zauna banza ba, ko shafi ɗaya ba ta yage ba.

Na gode, Goggo. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya karɓi ayyukanki, Ya yafe kurakuranki.