Gwafa ta Biyar

Cindo maginin rijiya ne, kamar yadda ake ce wa mai haƙa a ƙasar Dakoro. An haife shi a Gidan Sha'ibu, wani ƙauye arewa da Dakoro kan hanyar Azagor, daidai inda gonakin hatsi suke ƙarewa makiyaya ta soma. Takardarsa ta ce wajajen 1957. Da yatsu shida ya zo duniya a hannun hagu, shi ya sa sunansa na yanka, Mahbub, ya ɓace tun yana goye. Yana ɗan shekara goma sha huɗu kawunsa ya ɗaura masa igiya a ƙugu ya zura shi rami, daga nan bai sake wata sana'a ba sai noman damina. Rijiya hamsin da takwas ya gina tsakanin Korahan da Badar Gula da Azagor. Bakwai sun rufta, huɗu sun ƙafe, sauran har yau ana sha. Sau ɗaya ƙasa ta danne shi, a 1993, aka tono shi da karayar ƙafa. Matarsa Habi ta ce in ya sake shiga rami ba da yawunta ba. Ya yi wata tara a gida, ya koma.

Wadda ya fi ji da ita ita ce ta garinsu, mai zurfin gaba talatin da biyu, wadda suka gina da kawunsa a 1979. Rijiya mai zurfi haka ba a janta da hannu. Gwafa ake kafawa a bakinta, wato ƙaton itace mai rassa biyu da ake karkatawa bisa ramin, a sa masa fuli, igiya ta bi ta kai, raƙumi ko sa ya jawo wasakin ruwa. Gwafa biyar ne a bakin wannan rijiya. Ɗaya ta mutanen gari, biyu ta Fulani, gidan Bubakar da gidan ƙanensa, ɗaya ta Elhaji Zakari, ɗan kasuwar hatsi da ya zo daga Maradi ya zauna da shanunsa. Ta biyar ta Intalla ce, Buzu mai raƙuma, wanda raƙuman mahaifinsa ne suka ja ƙasar ramin sa'ad da ake gini.

A wannan yanki gwafa ba itace ba ce kawai. Mai gwafa yana shayarwa sa'ad da ya so, dabbobinsa kuma su ci ciyawar kewaye ba mai tanka masa. Wanda ba shi da ita baƙo ne: sai ya jira mai gwafa ya gama, ya roƙi aro, bayan kwana uku ya ƙara gaba. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ba wanda bai san shi ba.

Rijiyar ta tsufa, bakinta ya fara zubewa. A 2021 wata ƙungiya ta ƙasar waje ta buɗe ƙaramin furoje, wato shirin tallafi, a Dakoro: gari ya zauna ya faɗi abin da yake so, ya kafa komite, ya ba da hannu da yashi da tsakuwa, su kuma su biya siminti da ƙarfe da ma'aikata. Ran 12 ga Agusta ma'aikaciyarsu, wata matashiya mai suna Aziza, ta zo taro a gindin gawon masallaci. Ba a yi gardama ba, kowa rijiya ya ce. Za a gina sabuwa ta siminti kusa da tsohuwar, a cike tsohuwar don kada ta ci rai.

Aziza ta ce, “Masu gwafa a nan su ɗaga hannu in ƙirga.”

Hannu huɗu suka tashi. Tsakiyar damina ce, Intalla da iyalinsa suna can arewa wajen gishirin dabbobi, kamar yadda suke yi kowace shekara, ba su dawowa sai bayan girbi.

Ta juya wajen Cindo. “Baba, kai ka san rijiyar. Huɗu ne?”

Cindo hankalinsa na kan zurfi da irin ƙasar da za a taras. Gwafa kuwa a saninsa aikin safiya ɗaya ne: a saro aduwa, a tona rami, a kafa, a daddale. In Intalla ya dawo zai kafa tasa kamar kullum. Ya ce, “Rubuta huɗun, ɗiyata, sauran mai sauƙi ne.”

Ta rubuta. Aka naɗa Elhaji Zakari shugaban komite, aka dangwala yatsa.

Ran 6 ga Disamba motar ɗan kwangila ta sauke kaya. Cindo, wanda aka ɗauka shugaban masu haƙa, ya tsaya yana kallon abin da aka sauke daga ƙarshe: wani ginshiƙin ƙarfe da aka yi wa walda a Maradi, da fuli huɗu a manne. Maginin ɗan kwangilar ya nuna masa zane. Za a zuba daɓen siminti kewaye da bakin rijiyar, taku bakwai ta kowane gefe, a dasa ƙarfen a ciki.

“To, in mutum zai kafa itace fa?”

Maginin ya yi dariya. “A cikin siminti, Baba? Sai dai ya kafa a gonarsa.”

Ranar Cindo bai iya cin tuwo ba. Washegari ya hau motar kasuwa zuwa Dakoro, ya sami Aziza a biro, wato ofishinsu, ya faɗa mata duka. Ta dafe kai.

“Baba Cindo, don mi ba wanda ya gaya mini?”

“Kin tambayi waɗanda ke wurin. Mu kuma ba mu san gwafarku ba ta ƙaruwa ba.”

Ta buɗe dosiyen takardun aikin ta nuna masa. Sauya zane sai komite ya sake zama, takarda ta tafi Yamai, amsa ta ɗauki wata biyu ko uku. Aiki kuwa dole ya ƙare ran 31 ga Maris, in ya wuce an rufe furojen. Ta ce in komite ya yarda da wani abu, ita ba za ta tsaya a hanya ba, amma ba za ta ɓoye shi a rahoto ba.

Komite bai yarda ba. Elhaji Zakari bai ɗaga murya ba, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce ciyawar da ke kewaye ba ta kai gari ga damina ko a shekarar albarka, Intalla kuwa raƙumansa sun haura tamanin, suna cin ganyen itace har inda hannu ba ya kai. Ya ce, “Malam Cindo, ba mu muka kore shi ba. An ƙirga, kai da bakinka ka ce huɗu. Ruwa ba za mu hana shi ba, ya zo ya sha kamar kowane baƙo.” Bubakar ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da sandarsa. Mai gari ya ce a bar maganar tukuna.

Intalla ya riga ya dawo, labari kuma ya riga ya kai masa. Bai zo gari ba, bai aiko ba. Yana shayarwa a tsohuwar rijiya da sassafe ya koma, an kuma ji yana tambayar rijiyoyin wajen Azagor.

Haƙa ta yi nisa har gaba goma sha takwas, sai ta soma tafiyar hawainiya. Jakunan gari ne ke jan ƙasa, tun suna yin guga sittin a yini har suka koma ashirin da biyar. Shanun Elhaji na kan hanyar kasuwa da amalanke, na Fulani sun rame. Cindo ya lissafa kwanakin da suka rage, ya ga ba za su kai ruwa ba. Ya je rumbun Elhaji da hantsi.

“Elhaji, jaki ya gama nasa. Raƙumi nike so, guda biyu.”

“To a nemo mana, ko na wa ne.”

“Na mutum ɗaya ne a kusa. Kuma ba ni son in yi maka rufa-rufa. Ka san abin da jan ƙasar rijiya yake jawowa: wanda ya ja ƙasa, yana da gwafa.”

Elhaji ya daɗe yana juya carbi. Shi ya dangwala yatsa a gaban baƙi, shi za a nuna in furoje ya rufe da rami a buɗe. Ya ce, “Na sani. A kai ga ruwa, sauran magana ta biyo baya.”

“A'a, Elhaji. Maganar ba ta biyo baya, tare suke tahiya.”

“Kai dai tahi ka kawo raƙuman, tsohon nan!”

Zangon Intalla tafiyar awa biyu ce a jaki. Cindo ya same shi a inuwar tanti yana gyaran akala. Sun san juna tun suna samari, kuma tun lokacin Intalla Gafiya yake ce masa saboda zaman rami.

“Gafiya, an fito shan iska? Ko ka zo ƙirga mu ne? Mu ba mu da hannun ɗagawa.”

Cindo ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafar. Sai da aka sha shayi na farko ya ce, “Ni na ce huɗu. Ba Elhaji ba ne, ba yarinyar furoje ba ce. Ni ne.”

“Na ji. Na ce tsufa ne, yatsa shida gare shi amma ƙirgen biyar ya gagare shi.”

“Raƙuma biyu nike so su ja ƙasa.”

Intalla ya aje akalar. “In ja ƙasar rijiyar da zan zo in roƙi ruwanta?”

“Ubanka da ya ja ta wancan karo, wa ya roƙa?”

Intalla ya gyara rawani, ya zuba shayi na biyu, ya koma zancen tsadar dusa. Cindo ya sha na uku ya tashi ba tare da ya san matsayinsa ba. A hanya yana ta tunanin abin da zai ce wa Habi in Buzun ya tattara ya bar ƙasar saboda kalma ɗaya tasa.

Ran 17 ga Janairu da hantsi sai ga Intalla da kansa, yana jaye da amale biyu. Bai gai da kowa da wata doguwar gaisuwa ba, ya ɗaura igiya ya kora. Kwana arba'in da shida raƙuman nan suna kai da komowa a gaban idon gari duka, mata na wucewa da tulu suna gani, Fulani na gani. Ɗaya ya yi gyambo a kafaɗa, aka sauya shi da wani. Cindo yana ƙasa, shekara sittin da biyar, yana cika guga. Ran 3 ga Maris ƙasar ta fito jiƙe.

Ran 19 ga wata aka zo zuba daɓe. Cindo ya iso ɗauke da wani tsohon turmin Habi da gindinsa ya huje, ya aje shi a gefen ramin, wajen yamma, tsakanin ƙafafun ƙarfe biyu. Ya ce a dasa shi a karkace cikin simintin, bakinsa a buɗe, in ya bushe gwafa za ta zauna a ciki daram.

Maginin ya ce shi ba ya taɓa abin da babu a zane sai shugaban komite ya ce. Kowa ya dubi Elhaji. Kafin ya yi magana Bubakar ya ɗago kai, ya ce, “Elhaji, in aka hana wanda ya ja ƙasa, gobe mu da ba mu ja ba mi za mu ce?”

Elhaji ya dubi turmin, ya dubi Cindo. “Wanga aiki naka ne tun farko har ƙarshe. In ciyawa ta ƙare a watan biyar, gidanka zan turo shanuna.” Ya juya ga magini. “Zuba.”

Aziza ta ɗauki hoto, ta rubuta a rahotonta cewa gari ya ƙara gwafa ɗaya ta itace da kuɗinsa da hannunsa. Elhaji kuwa bai huce da wuri ba. Ranar buɗe rijiya, da baƙi suka zo daga Dakoro, ba a kira Cindo ya yi magana ba, kuma da aka sabunta komite babu sunansa. Ciyawa ta ƙare a watan biyar kamar yadda Elhaji ya faɗa, aka sha wuya, wasu a gari har yau suna cewa da raƙuman sun tafi da abin bai kai haka ba. Cindo ba ya musu da su, don bai tabbata ƙarya suke yi ba.

Intalla ya kafa gwafarsa kwana tara bayan zuba daɓe. Aduwa ce ya saro daga nesa. Cindo ya riƙe masa gindin har ta zauna, suka cusa tsakuwa suka daddale. Raƙumi ya ja, wasaki ya fito yana zuba, raƙuma suka yo kan komi suna ture juna.

Intalla ya ɗanɗana ruwan a tafin hannu, ya dubi sama, ya yamutsa fuska.

“Gafiya, duk faɗin rijiyar nan ka rasa inda za ka sa ni sai yamma? Da safe rana a idona za ta riƙa bugu.”

Cindo ya dafa ƙarfe ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa.

“Ja rawaninka ka rufe, Buzu. Kora raƙumin, na bayan nan ba su sha ba.”