Ɗan Aiken Surajo Mai Sallama

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, ƙarshen Nuwamban 1998, ina shanya gero a gidana a Kiru, aka zo mini da labarin cewa ƙanena Surajo ya cika. Zazzaɓi ne ya kama shi a Doguwa, bai tashi ba.

Surajo, har yanzu in na rufe ido, ofishinku na ƙungiyar manoma a Tudun Wada nake gani, fanka na juyawa, kai kana gaban kwamfuta. Babbar na'urar da duk rassanku ke aiki a kanta tana Kano. Da, in ta tsaya, sai ka hau mota. Ka san ina tsoron hanyar nan, shi ya sa ka zauna ka rubuta wasu umarni da kake kira ɗan aikenka. Kullum da safe yakan bi wayar tarho, ya je ƙofar da aka keɓe wa masu kula da na'urar, ya duba lafiyarta, in wani sashe ya yi barci ya tashe shi.

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Na ce maka, a makarantar allo an hana mu shiga gidan mutane ba izini.

Ka yi dariya. "Yaya, ai tarbiyyarki ce. Sai ya faɗi sunana da kalmar sirri. In ya yi sallama uku ba a amsa ba, gida yake dawowa."

Ashe kana da damar sa shi ya yi ta bugu ba iyaka, ka tsayar da shi a uku.

Bayan sadakar bakwai, Barakatu, abokiyar aikinka, ta zo mini. Ta ce ɗan aiken nan bai san ka tafi ba, kullum da sunanka yake sallama, hannunta kuma ya kasa goge sunan. Abin ya tsaya mini a rai. Ba na son a riƙa shiga wani wuri da sunan wanda ke kwance, a tambaye ka abin da ba ka gani ba.

Na bi Barakatu zuwa ofis, ta tura ɗan aiken a gabana. Wayar ta yi kukan nan nata mai kama da na gyare bayan ruwa. Sai na ji kamar kana tafe a hankali, ta gonakin dawa, ta Ɗangora, rigarka fara, har Kano. Rubutu ya fito. Barakatu ta ce, "Hajiya, an buɗe masa."

Na ce to, yanzu ki cire sunansa ki sa naki. Amanar ta dawo wuyanki.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Luba da yaran, da abokan aikinka. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka. Ranar da ka isa ƙofar Aljanna, Surajo, Allah Ya sa a amsa maka tun a sallamar farko.

Yayarka, Maijidda, Kiru.