Jan Rahoto Daga Wajen Obi

Akwai wata Talata da ba ta fita daga raina, a shekarata ta biyu a ofishin sasanta manoma da makiyaya a Lafia. Ni ce ƙarama a matsayi, mai karɓar waya. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai da na haifi huɗu na iya rubuta sunana.

Ga yadda aikin yake. Mutanen ƙauye su turo saƙon murya, na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta saurara, ta ba shi launi: kore, rawaya ko ja. Ja na jami'an tsaro ne. Amma dokar ofis ta ce ba a tura shi sai mutum ya kira ɓangarorin biyu ya sa hannu.

Da hantsi allo ya yi ja. Wani ƙauye a wajen garin Obi: harbi, maza da bindigogi, kusa da ruga. Oga Danladi, shugaban sashenmu, ya miƙe tsaye.

"Maman Asabe, sa hannu mu tura."

"Oga, ban kira kowa ba."

"Haba Mama! Kwamfuta ta ji harbi, ke kina jiran gaisuwa?"

Na san tsoronsa. Idan hari ne, jinkirina zai ci rai. Amma idan motocin tsaro suka shiga a banza, 'yan ruga za su ɗauka an kai ƙararsu, sulhun da muka sha wuya a kansa ya rushe. Na roƙi minti goma.

Wayar mai unguwar ƙauyen ba ta shiga. Sai na kira Hajjo, mai kawo mini nono gidana a unguwar Bukan Sidi, 'yar rugar ce.

"Hajjo, lafiya kuke? An ce ana harbi."

Ta yi dariya. "Yaya, tsohon maharbin garin ne ya rasu. Ba haka suke sallamar nasu ba? Sama suke harbawa. Mu ma nan muke, mun kawo ƙwarya biyu ta gaisuwa."

Ta miƙa wa mai unguwa wayarta, ashe yana gefe. Ya tabbatar, har ya ce wa ya kai su ƙara ranar makoki.

Oga ya zauna, ya share goshi. "Mama, rubuta kore. Ki ƙara cewa a koya wa abin nan jana'izar maharba."

Ina ji a rediyo manyan ƙasashe na ta taro kan yadda za a sa wa irin na'urorin nan linzami kafin su haddasa yaƙi. Ban san manyan maganganunsu ba. Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata shi ne, na'urar ba ta yi ƙarya ba, harbi ta ji. Sai dai ba ta taɓa zuwa gaisuwar mutuwa ba. Kada ku sa hannu sai kun ji muryar wanda yake wurin.