Kawu Bukar da Ɗaya-Ɗaya Goma Sha Tara

Duk wanda ya zauna a Mubi ya san Kawu Bukar, malamin lissafi, ba ya wuce lamba bai tsaya ya raba ta ba. Ni 'yar ƙanwarsa ce, na sha kallo! In lamba ta ƙi rabuwa sai da ɗaya ko da kanta, sai ya yi mata kirari: "Gwauruwa! Ba kya shiga rabo!"

Kun tuna ranar ɗaurin auren ɗan'uwanmu Uba? Mun hau mota, shi Kawu ya tsaya yana leƙen lambarta.

"Malam, hau mana!" in ji direba.

"Wannan? Uku ma ta raba ta, balle ramin hanya!"

Da keke ya je. Ya tarar har an share ɓawon goro.

Amma masoyiyarsa ita ce wata ƙatuwar lamba: ɗaya-ɗaya har goma sha tara a jere. Da gawayi ya rubuta ta a bangon zaure. Kowane baƙo sai ya sha bayani: ɗaya uku a jere, uku ta raba su, amma wannan, uku ta gwada ta kasa, bakwai ta kasa, sha ɗaya ta koma da kunya. Shekara da shekaru yana gwada ta, bango ya yi baƙi ƙirin.

Matarsa, Inna Falmata, ta ce, "Malam, in ta rabu me za ka samu?"

"Baƙin ciki."

"In ba ta rabu ba fa?"

"Ai ba za ta rabu ba, Turawa sun tabbatar."

"To wahalar ta mece ce?"

"Mutanen da suka sa rula suka raba mu da Garwa ta Kamaru, su zan yarda da rabonsu?"

Lokacin ƙuri'ar zaɓen bin Najeriya ko Kamaru, ƙanensa Modu ya ce Kamaru, shi ya ce Najeriya. Rigima ta kai Modu ya kawo magini zai ja katanga a tsakar gida. Kawu ya ɗauko tabarma ya kwanta daidai kan layin.

"Yaya, tashi mana!"

"Ku ɗora tubalin a kaina. Rijiya ɗaya, uwa ɗaya, yi mini lissafin in gani!"

Magini ya jira har la'asar, ya ci tuwonmu, ya tafi.

Modu ya yi fushi ya koma Garwa. Kawu bai sake ambaton sunansa ba, amma kowace kaka sai buhun dawa ya tsallaka iyaka zuwa Garwa, wai kuskuren awo ne ya yi masa yawa. Da ciwon ajali ya kwantar da Kawu, Modu ya zo ya riƙe hannunsa yana kuka. Kawu ya buɗe ido ya ce, "Ka rame. Ba sa dafa dawar ne?"

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabari, Ya haɗa shi da ƙanensa inda babu iyaka. Amin.