Rabin Abin Da Ya Rage

Baba Sajan ya sauke kwandon tumatir a kasuwar Aziziya yana haki. Tsohon soja ne ɗan ƙasarmu, yaƙi ya cinye masa hannu ɗaya da ido ɗaya. Ina karatu a Riyad lokacin, shekarun casa'in.

Na ce, "Baba, ba a ba ka cikakken fansho ba ne?"

"Likitoci sun ce hannu rabin mutum ne, ido ma rabi. Na ɗauka shi ke nan, ya cika. Ashe ido rabin abin da ya rage ne. Wai kwatan jikina da ya saura lafiya lau yake, ya je ya nemi abinci."

Ya sunkuya. "Kama mini, ɗana, mu ɗora wa kwatan."

Na ɗora masa. Jama'a, haka ake lissafa mutum?